Hakin da Aka Raina: Tarihin Jan Coulomb a Cikin Hasken Leza

Duk ɗalibin kimiyya da ya kai babban aji a sakandaren Gwaram ko Kwalejin Gwamnati ta Birnin Kudu ya gamu da dokar Coulomb kafin ya shiga ɗakin jarrabawar WAEC ko NECO. Malamin fiziks kan rubuta ta a allo a layi guda: caji biyu masu kama ɗaya suna korar juna, mabambanta suna jan juna, kuma idan tazarar da ke tsakaninsu ta ninka biyu, ƙarfin ya koma kashi ɗaya cikin huɗu. Ɗalibi ya haddace, ya yi lissafi biyu ko uku, a wuce babi na gaba. Abin da manhaja ba ta da sararin faɗa shi ne, wannan doka ta shafe shekara sittin tana ba manyan masana wahala a Mosko da Faris da Ottawa, tun daga lokacin da aka fara haska zarra da leza mai tsananin ƙarfi. Sun san da ita sarai, amma suka ajiye ta gefe da gangan domin lissafinsu ya yiwu. Ajiyewar ta yi musu rana matuƙa. Sai dai duk sa'ad da na'urorin awo suka ƙara kaifi, abin da aka ajiye ɗin sai ya sake leƙo kai, har ya zama shi ne ake nema.

Injiniyan soja da zaren azurfa

Charles-Augustin de Coulomb, wanda aka haifa a 1736 ya rasu a 1806, injiniyan sojan Faransa ne. Ya yi shekaru a tsibirin Martinique yana kula da ginin sansanin yaƙi, ya dawo gida da raunin lafiya da ƙwarewa a kan igiya da ƙarfe da yadda suke jure nauyi. Wannan ƙwarewa ce ya juya ga lantarki. Ya rataye siririn sanda da zaren azurfa, ya sa ƙaramin ƙwallo mai caji a bakinsa, ya kawo wani ƙwallon kusa, sannan ya auna yadda zaren ke murɗewa. Daga murɗewar ya fitar da dokarsa a 1785.

Coulomb bai san da elektron ba. Sai a 1897 J. J. Thomson ya gano shi a Cambridge. A 1911 Ernest Rutherford ya nuna cewa kusan duk nauyin zarra da cajinta na fozitib suna dunƙule a wata 'yar cibiya, a 1913 kuma Niels Bohr ya tsara yadda elektron ke zama a matakai kewaye da ita. Daga nan aka fahimci cewa jan da Coulomb ya auna da ƙwallaye shi ne ke riƙe da kowace zarra a duniya. Ƙarfinsa a can ciki ya wuce misali: a inda elektron na haidirojin yake zaune, fagen lantarkin cibiya ya haura bolt biliyan 500 a kowace mita.

Masana kan kwatanta zarra da rijiya, elektron yana zaune a ƙasanta. Domin a fito da shi daga haidirojin ana bukatar makamashi na elektron-bolt 13.6, daga zenon 12.1, daga hiliyom 24.6. Amma rijiyar Coulomb tana da wata ɗabi'a da duk wannan tarihin ya rataya a kanta: bakinta ba ya ƙarewa. Gangarenta yana sassautawa yayin da ake nisa, amma ba ya taɓa zama shimfiɗaɗɗiyar ƙasa. Elektron da ya fita ya bar zarrar da cajin fozitib, wato ta zama ayon, kuma komai nisan da ya yi ayon ɗin yana jan sa.

Hasken da ya isa ya yi ja-in-ja da zarra

A 1905 Albert Einstein ya bayyana cewa haske yana zuwa ne ƙwaya-ƙwaya, abin da daga baya aka kira foton, kuma foton ɗaya ne ke fitar da elektron ɗaya idan makamashinsa ya isa. Haske mai launin ja yana da elektron-bolt ƙasa da 2 a kowane foton, saboda haka bisa wannan ƙa'ida ba zai taɓa fitar da elektron daga zenon ba, komai yawansa. A 1931 Maria Goeppert-Mayer ta nuna a kundin digirinta a Göttingen cewa zarra na iya haɗiye foton biyu a lokaci guda, amma babu fitilar da ta isa a gwada maganarta. Wasu shekaru kafin nan, a 1928, Robert Oppenheimer ya lissafa cewa fagen lantarki mai ƙarfi na iya sa elektron ya kurɗa ta cikin shingen da bai da makamashin tsallakewa, abin da kimiyyar kwantum kaɗai ta yarda da shi.

Duk waɗannan sun zauna a takarda har ranar 16 ga Mayu 1960, lokacin da Theodore Maiman ya kunna leza ta farko a ɗakin binciken Hughes da ke Malibu a Amurka, da sandar jan yakutu. Cikin shekara uku masu bincike suka ga cewa idan aka tattara haskenta a wuri guda, iska kanta tana tartsatsi. Hasken rana da ke sauka a doron ƙasa bai wuce kashi ɗaya cikin goma na wat a kan murabba'in santimita ba. Lezar da ake magana a kai a wannan fanni tana sauke wat tiriliyan 100 a kan wannan ɗan fili, na ɗan ƙanƙanin lokaci. A irin wannan tsanani, fagen lantarkin hasken ya kai ya ja da na cibiya, ya karkata ƙasar da rijiyar take kai, har gefe ɗaya na bakinta ya sauko ya zama siririn shinge. Sannan bayan rabin kaɗawar hasken, karkatar ta koma ɗaya gefen.

Mosko, 1964

Wanda ya fara warware wannan matashi ne ɗan shekara 33 a Cibiyar Lebedev da ke Mosko, Leonid Keldysh. Ya fito daga gidan lissafi: mahaifiyarsa Lyudmila Keldysh masaniyar lissafi ce, kawunsa Mstislav Keldysh kuma shi ne shugaban Kwalejin Kimiyya ta Tarayyar Sobiyet a lokacin. A maƙalar da ya buga a 1964 ya nuna cewa haɗiyar foton da yawa da kurɗawa ta shinge fuska biyu ne na abu ɗaya. Ya fitar da lamba guda, wadda har yau ake kira da sunansa, mai gwada saurin kaɗawar haske da ƙarfinsa da zurfin rijiya. Idan lambar ta fi ɗaya sosai, elektron yana tara foton ne har su ishe shi. Idan ta gaza ɗaya sosai, shingen kan daɗe a karkace har elektron ya kurɗa.

Domin ya kai ga wannan sakamako, Keldysh ya yanke wata shawara. Babu wanda ya iya warware lissafin elektron da cibiya ke ja leza kuma ke kaɗawa a lokaci guda. Amma ana da amsar kowanne shi kaɗai: an san yanayin elektron a zarra idan babu haske, kuma tun 1935 D. M. Volkov ya warware yanayin elektron a cikin haske idan babu zarra. Sai Keldysh ya haɗa su baki da baki. Kafin fita, cibiya kaɗai ke da iko. Bayan fita, leza kaɗai ke da iko, ayon kuwa a ɗauka babu shi. Hujjarsa tana da ƙarfi, domin da zarar elektron ya ɗan yi nisa, turin leza ya fi jan ayon nesa ba kusa ba.

A 1965 G. S. Voronov da Nikolai Delone, su ma a Lebedev, suka fitar da elektron daga zenon da lezar yakutu, aikin da ke bukatar foton bakwai a tare. A 1966 da 1967 wasu masana uku a Mosko, Perelomov da Popov da Terent'ev, suka koma kan abin da Keldysh ya tsallake. Suka gano cewa tun elektron yana cikin shinge, jan Coulomb yana rage kaurin shingen, kuma hakan na ninka yawan masu kurɗawa sau ɗaruruwa, wani lokaci sama da dubu. Wannan ne gargaɗi na farko. An karɓi gyaransu wajen ƙidaya yawan elektron da ke fita, musamman bayan Ammosov da Delone da Krainov sun sauƙaƙa shi a 1986, amma game da hanyar da elektron ke bi bayan fitarsa, aka ci gaba da yin kamar babu ayon. Farhad Faisal a 1973 da Howard Reiss a 1980 suka gina nasu tsarin a kan wannan tushe, har ya zama ana haɗa sunayen mutum ukun idan ana maganar ka'idar.

Yana da kyau malamai da ɗaliban fiziks na Jami'ar Bayero da Jami'ar Tarayya ta Dutse su lura da kayan aikin da aka kafa wannan fanni da su. Keldysh da Popov da abokansu da alƙalami da takarda suka yi aikinsu, kuma lissafin hanyoyin elektron da ya warware manyan rikice-rikice daga baya, kwamfutar tebur ta yau tana iya ɗaukarsa.

Abubuwan mamaki na Saclay

A cibiyar binciken makamashin nukiliya ta Saclay, kusa da Faris, ƙungiyar Gérard Mainfray ta shafe shekaru tana haska iskar gas da leza. A 1979 Pierre Agostini da abokan aikinsa suka auna makamashin elektron da ke fita daga zenon, suka ga wasu sun haɗiyi foton fiye da abin da suke bukata. Wannan ma yana da nasaba da ayon, domin elektron da ke yawo shi kaɗai a sarari ba zai iya haɗiye foton ya riƙe ba, sai da wani abu mai nauyi kusa da zai ɗauki ragowar turin.

A farkon shekarun 1980 wata ɗaliba a wurin, Anne L'Huillier, ta ga zarra na rasa elektron biyu fiye da yadda lissafi ya nuna. A 1987 ƙungiyar Charles Rhodes a Chicago, sannan ita L'Huillier da abokanta a aikin da aka buga a 1988, suka ga wani abu da ya fi wannan ban mamaki. Gas da aka haska da leza yana fitar da sabon haske mai saurin kaɗawa ninki 3, 5, 7 na wanda aka sa masa, har zuwa ninki 33 a argon, kuma maimakon ya riƙa dusashewa mataki-mataki, sai ya tsaya daram a ƙarfi ɗaya na dogon zango, sannan ya yanke kwatsam.

A wannan tsakanin lezar kanta ta canja. A 1985 Donna Strickland da Gérard Mourou a Jami'ar Rochester suka ƙirƙiro dabarar miƙar da walƙiyar leza, a ƙara mata ƙarfi, sannan a sake matse ta, wanda ya sa leza mai tsanani ta sauko daga manyan gine-gine zuwa teburin jami'a. Dabarar ta kawo musu Nobel a 2018. A wannan shekara ta 1985 kuma See Leang Chin a Jami'ar Laval ta Kanada ya tabbatar da kurɗawar da Keldysh ya hango, da lezar iskar kabon.

Mataki uku

Amsar abubuwan mamakin ta zo a 1993, daga Paul Corkum a Ottawa da kuma Kenneth Kulander da Kenneth Schafer da Jeffrey Krause a Livermore. Michael Kuchiev ya riga ya hango wani ɓangare nata a 1987. Elektron ya kurɗa ta shinge, mataki na ɗaya ke nan. Leza ta fizge shi ya yi nisa, kimanin nanomita ɗaya ko biyu, ninki goma ko fiye na faɗin da yake zagayawa a haidirojin, sannan fagen ya juya ya koro shi baya da gudu, mataki na biyu. A mataki na uku ya iso ga ayon ɗin da ya bari. Idan ya faɗa rijiyar ya zauna, sai ya saki duk makamashin da ya tara a foton guda, shi ne hasken da L'Huillier ta gani. Idan ya bangaji wani elektron, sai su fita su biyu. Idan ya yi karo ya koma baya, sai ya fita da makamashi mai yawa, kamar yadda Gerhard Paulus da abokansa suka auna a 1994. Duk wannan yana faruwa a ƙasa da kaɗawa ɗaya ta haske, wadda ga lezar nanomita 800 take ɗaukar femtosakan 2.7, femtosakan kuwa kashi ɗaya ne cikin miliyan sau biliyan na sakan.

Lissafin ya nuna cewa mafi girman makamashin da elektron zai dawo da shi ninki 3.17 ne na matsakaicin makamashin kaɗawarsa a cikin hasken, kuma idan aka haɗa wannan da zurfin rijiyar, daidai nan hasken gas yake yankewa. A 1994 Maciej Lewenstein, tare da L'Huillier da Corkum da Misha Ivanov da Philippe Balcou, suka mayar da labarin cikin harshen kwantum. Daga wannan fahimta aka gane cewa hasken yana fita ne a gajerun walƙiyoyi da babu kamarsu. A 2001 ƙungiyar Agostini ta auna jerin walƙiyoyi masu atosakan 250 kowace, ƙungiyar Ferenc Krausz a Vienna kuma ta ware guda ɗaya mai atosakan 650. Atosakan kashi ɗaya ne cikin dubu na femtosakan, kuma elektron na haidirojin a tsarin Bohr yana kewaya cibiya cikin kimanin atosakan 150. Wannan aiki ne ya kawo wa Agostini da Krausz da L'Huillier kyautar Nobel a 2023.

A lura da matsayin ayon a wannan tsari. Ana tunawa da shi a mataki na ɗaya, a tuna da shi a ɗan lokacin karo, amma a duk tsawon tafiyar tsakiya ana yin kamar ba ya nan. Da wannan raini aka kai ga duk nasarorin da aka lissafa.

Alamun da suka ƙi ɓacewa

Tun 1988 aka ga ɓaraka. A ɗakin binciken Bell, Bashkansky da Bucksbaum da Schumacher suka yi amfani da hasken da fagensa ke juyawa a siffar ƙwai. Ka'idar da ta manta da ayon ta ce elektron za su watsu daidai wa daida a kusurwoyi huɗu. Awo ya nuna sun karkata gefe. Wani abu yana lanƙwasa hanyarsu bayan sun fita, kuma babu abin zargi sai ayon. Hujja ta biyu ta zo ta bayan gida: idan aka fizge elektron daga ayon mai cajin negetib, abin da ya saura a baya zarra ce marar caji, ba ta da doguwar ja, kuma a nan tsohuwar ka'idar tana dacewa da awo sosai.

A 1994 ƙungiyar Louis DiMauro a Brookhaven ta auna fitar elektron biyu daga hiliyom da kulawa ta musamman, ta samu yawan ya zarce abin da sauƙaƙan lissafin karo ya bayar. Matsalar ita ce elektron ba ɗigo ba ne, yana bazuwa gefe da gefe yayin tafiyarsa, don haka mafi yawansa ya kamata ya kuskure ayon idan ya dawo. A 1996 Thomas Brabec da Ivanov da Corkum suka nuna inda kuskuren yake. Duk wucewar da elektron ya yi ta kusa, ayon yana ɗan jawo shi zuwa tsakiya. Jan kaɗan ne a kowane karo, amma leza tana kai shi tana komo da shi sau da yawa, har bazuwar ta tattaru, wanda ya kuskure a zuwan farko ya dace a na biyu ko na uku. A 2000 ƙungiyoyin Reinhard Dörner a Frankfurt da Joachim Ullrich a Freiburg suka fara kama ayon da elektron ɗinsa a tare, suna auna inda kowanne ya nufa, suka tabbatar cewa karon dawowa ne ke fitar da na biyun.

A 2008 ƙungiyar Ulli Eichmann a Cibiyar Max Born ta Berlin ta samu abin da tsohuwar ka'idar ba ta da gurbinsa kwata-kwata. Wasu elektron suna kurɗawa su fita, leza ta yi ta kaɗa su, amma idan walƙiyar ta wuce sai a tarar ba su tara gudun da zai raba su da ayon ba, ya sake kama su a wani mataki na can sama. Sun fita shinge, amma ba su fita rijiya ba. A shekara ta gaba ƙungiyar ta nuna cewa irin waɗannan zarra na hiliyom, duk da ba su da caji, leza tana ingiza su da hanzarin da ya kai ninki tiriliyan 100 na jan ƙasa, domin elektron ɗin da take turawa yana janye da ayon ɗinsa.

Mamakin 2009

Babban abin kunyar ya zo ne a inda ba a zata ba. Makamashin kaɗawar elektron yana ƙaruwa da murabba'in tsawon igiyar haske. Saboda haka idan aka bar nanomita 800 aka koma 2,000 ko fiye, elektron zai yi nisa sosai, ya yi gudu sosai, lambar Keldysh ta ragu, kuma kowa ya ɗauka a nan ne mantawa da ayon zai fi zama daidai. A Jami'ar Jihar Ohio, inda DiMauro da Agostini suka haɗu, Cosmin Blaga da abokansa suka gwada. A sakamakon da suka buga a 2009, elektron masu yawan makamashi sun bi ka'ida, amma a can ƙasa, a 'yan elektron-bolt kaɗan, wani tsini ya miƙe wanda ke ɗauke da babban kaso na duk elektron da suka fita. Ya bayyana a argon da zenon da haidirojin da naitirojin, alamar cewa ba halin wata zarra ɗaya ba ne. Masana a Wuhan da Shanghai na ƙasar Sin suka ga irinsa a wannan shekara. Faisal da kansa ya rubuta sharhi yana kiran abin da mamaki.

Cikin shekara uku ƙungiyoyi a Heidelberg da Rostock da Mosko da Dresden suka warware shi, kuma duk amsoshinsu sun koma ga jan Coulomb. A cikin kai-komon da elektron ke yi, akwai lokacin da yake tsayawa cak kafin ya juya. Wasu elektron wannan tsayuwa tana riskarsu ne daidai gefen ayon. Mai gudu yana wucewa kafin ja ya yi masa tasiri, amma wanda ya tsaya ya ba ayon lokaci. Sai elektron da suka taso da gudu mabambanta ayon ya daidaita su, suka ƙare da kusan makamashi ɗaya, suka taru suka zama tsinin. Hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Doguwar igiya ta ƙara wa elektron gudu, amma ta kuma tsawaita lokacin tsayuwarsa, wannan ɓangaren ne aka yi shekaru ba a duba ba.

Agogon da ayon ya karkata

Muhawara mafi zafi ta taso ne a kan tsohuwar tambaya: shin kurɗawa ta shinge tana ɗaukar lokaci? A 2008 ƙungiyar Ursula Keller a Zurich ta ƙirƙiro dabara. Idan fagen haske yana juyawa kamar hannun agogo, yana cika zagaye cikin femtosakan 2.7, to kowane digiri ɗaya daidai yake da atosakan 7 da rabi. An san kusurwar da fagen ya fi ƙarfi, inda kurɗawa ta fi yawa. Idan aka auna kusurwar da elektron suka fi fita, bambancin zai nuna jinkiri. Aka auna, aka kuwa samu bambanci na digiri da dama.

Amma ayon yana lanƙwasa hanyar elektron zuwa wannan gefen da jinkiri zai karkata shi. Dole a fara cire rabon Coulomb kafin a ce ragowar lokaci ne, kuma a zarra mai elektron da yawa cirewar ta dogara da ƙiyasi. Shekara goma ana ja: wasu awo a Zurich da Heidelberg suka nuna akwai jinkiri, wasu lissafi suka ce babu. A 2019 masu bincike a Jami'ar Griffith da ke Brisbane a Ostireliya, da Satya Sainadh a gaba, suka yi gwajin da zarrar haidirojin, mai elektron ɗaya tak, wadda ake iya lissafa ta ba tare da ƙiyasi ba. Awo da lissafi suka dace. Sannan suka sake lissafin da wata rijiya ta ƙirƙira mai zurfi ɗaya amma gajeren baki, sai karkatar ta ɓace. Ma'ana, duk kusurwar da aka gani aikin jan ayon ne, kuma idan akwai jinkiri bai wuce atosakan 1.8 ba. Har yanzu masana suna saɓani a kan me ya kamata a kira lokacin kurɗawa, amma babu mai karanta wannan agogo yau bai fara da lissafin Coulomb ba.

Daga cikas zuwa ma'auni

Da aka daina kallon jan ayon a matsayin abin da ke ɓata lissafi, sai aka ga amfaninsa. Elektron da ayon ya lanƙwasa yana ɗauke da labarin ayon ɗin. A 2011 Ymkje Huismans da Marc Vrakking da abokansu suka yi amfani da lezar FELIX ta ƙasar Holan, mai igiyar nanomita 7,000, a kan zenon. Elektron da ya wuce nesa da ayon da wanda ya bi ta kusa aka lanƙwasa shi suka haɗu a na'urar awo, igiyoyinsu suka shiga juna suka zana layuka. Wannan ita ce dabarar hologiram da Dennis Gabor ya ƙirƙiro a ƙarshen shekarun 1940, sai dai a nan zarra ce ke ɗaukar hoton kanta da nata elektron. A 2012 ƙungiyar Ohio ta auna tazarar zarra biyu a ƙwayar oksijin da naitirojin daga yadda elektron mai dawowa ke watsuwa, a 2016 kuma ƙungiyar Jens Biegert a Barcelona ta kama ƙwayar asetilin, gas ɗin da masu walda ke amfani da shi, a daidai lokacin da ɗaya daga cikin haɗinta ke tsinkewa.

Wannan ya ɗora ne a kan hanyar da Ahmed Zewail, ɗan Masar haifaffen Damanhur, ya share, wanda ya karɓi Nobel ta kimiyyar sinadarai a 1999 saboda kallon motsin zarra a ma'aunin femtosakan. A nahiyarmu akwai ƙungiyar masana leza da zarra da Ahmadou Wagué ya jagoranci kafawa a Dakar a 1991, da Cibiyar Leza ta Afirka da aka buɗe a Afirka ta Kudu a 2003, masu haɗa masu bincike daga ƙasashe da dama.

Da Keldysh ya dage sai ya saka jan ayon tun 1964, da bai buga komai ba, kuma da tsarin mataki uku bai fito da sauƙin da ya sa kowa ya gane shi ba. Ka'idar da ta manta da ayon ita ce ta zama ma'aunin da ake gane aikin ayon da shi: duk inda awo ya saɓa mata, nan yake. Har yau babu cikakkiyar amsa a rubuce ga elektron ɗaya da cibiya ke ja leza kuma ke kaɗawa. Ana warware shi da kwamfuta ga haidirojin, da ƙyar ga hiliyom, abin da ya wuce nan kuwa sai da ƙiyasi. Masu bincike sun koma kan manyan ƙwayoyin sinadarai, inda cibiyoyi da yawa ke jan elektron ɗaya, da kan daskararrun abubuwa, inda tun 2011 aka ga irin hasken da L'Huillier ta gani a gas, kuma gurbin da elektron ya bari shi ma yana tafiya yana jan sa. A kowane ɗayan waɗannan, tambayar farko da mai lissafi ke fuskanta ita ce wadda Keldysh ya fuskanta: wane ja zai ajiye gefe domin aiki ya yiwu, kuma a wane awo ne zai sa ran ganin ya dawo.